Gaisuwar "lafiya lau" da al'adar "sai godiya" a wajen Bahaushe

Gaisuwar fatar baki ita ce irin tambaye-tambayen nan da ake jero wa juna in an haɗu, ina kwana, ina gajiya, ya gida ya iyali, wanda mai tambayar ya riga ya san amsar tun kafin a ba shi, shi ma mai amsawar ba ya tsayawa tunani. A ƙasar Hausa kusan kowace tambaya da amsarta a ajiye, kuma yawancin amsoshin godiya ce ga Allah, ba a saka kuka a ciki.

Yadda take tafiya

Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya, wasu su ce gajiya ta bi lafiya. Ina labari, sai alheri. Ya aiki, da godiya. Lokacin hunturu in ka ce wa mutum ya sanyi zai ce maka lokacinsa ne, alhali ga shi nan ya takure a bakin wutar mai shayi leɓe duk ya tsage. Da damina kuwa a ce ya ruwa, a ce ruwa ya yi gyara, ko da jiya katangarsa ta zube. Har gidan rasuwa haka ne, ya haƙuri, sai a ce da godiya. Ƙarami shi ke fara gaida babba, ya rusuna ko ya durƙusa, kuma ba a shiga maganar da ta kawo mutum sai an gama wannan zagayen kaf, wanda ya tsallake shi a ce ba shi da tarbiyya ko girman kai ke damunsa.

Wai ƙarya ce?

Akwai masu ganin abin holoƙo ne kawai, musamman matasa, su ce ya za a yi mutum bai karya ba ya ce lafiya lau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba. Ita gaisuwa sallama ce a bakin zaure, ba a nan ake zama ba. Wanda ya damu da kai da gaske yana da tambaya ta biyu, bayan an gama jeren sai ya rage murya ya ce "lafiya dai ko? na ga kamar ka faɗa", to a nan ne ake jin cewa yaro na kwance ko mai gidan haya ya ba da notis. Matsalar ita ce yanzu ta biyun ce ke ɓacewa, a tura "slm ykk" a WhatsApp a amsa "lfy" shi kenan an rabu, kowa ya tafi da damuwarsa a ciki.

Tushen godiyar

Mafi yawa daga addini ta samo asali. A Suratu Ibrahim aya ta 7 Allah ya yi alkawarin ƙari ga wanda ya gode, sannan akwai hadisin da Muslim ya ruwaito cewa mutum ya riƙa duban wanda ke ƙasa da shi kada ya dubi na sama, don kada ya raina ni'imar da aka yi masa. Wani hadisin na Abu Dawud da Tirmizi ya nuna wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sa za ka ga an yi wa mutum alheri jiya, yau da safe ya sake tako ƙafa ya zo ya ce an gode da hidimar jiya. Yaba kyauta tukwici ne in ji Hausawa, butulci kuwa yana cikin manyan zagi.

Su ma masana halayyar ɗan Adam sun leƙa wajen. A wani nazari da aka wallafa a 2003, wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu suna rubuta abubuwa biyar da suka gode a kai duk mako, wasu kuma abubuwa biyar da suka ɓata musu rai, bayan mako goma masu godiyar suka fi jin daɗin rayuwarsu kuma suka fi sa ran alheri.

Inda abin ke cutarwa

Godiya daban, ɓoye ciwo daban, kuma nan ne mutanenmu ke yawan haɗa su. Je asibiti ka gani, likita ya ce Baba ya jiki, tsoho ya ce da sauƙi alhamdulillahi, alhali kwana ya yi yana juyi bai runtsa ba, sai ɗan da ya kawo shi ya ce a'a likita wallahi ko koko ba ya iya sha. Mata da yawa haka suke haɗiye wahalar gidan aure da sunan kar a ce sun cika mita, har abin ya zama hawan jini. Addini bai ce haka ba. Annabi Yaƙub a Suratu Yusuf aya ta 86 ya faɗi baƙin cikinsa, ya ce ga Allah yake kai kukansa, kuma a Bukhari ya zo cewa Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) ya ce ai ni ne da wayyo kaina. Abin da malamai ke hanawa shi ne fushi da ƙaddara da guna-gunin da ba ya ƙarewa, ba gaya wa likita ko ɗan'uwa abin da ke damunka ba.

Sauyin zamani

Amsoshin ma suna motsi. Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, da kuɗin mota da na masara suka yi sama, an fi jin "ana ta fama", "sai a hankali", "ana maneji" a bakin ɗan adaidaita da mai kanti. Duk da haka da wuya su tsaya a nan, yawanci sai sun ɗora da amma dai mun gode Allah kafin su miƙo maka canjinka.