Mai koyar da magana ba wanzami ba ne

Jama'a wai har yanzu wasu na ɗauka in yaro yana in'ina kawai za a kai shi wajen ƙwararren mai gyaran magana ya duba baki, ya yanke jijiyar ƙarƙashin harshe ko ya rubuta magani, shikenan a dawo gida. Ba haka abin yake ba wallahi. In'ina ba daga harshe take ba, daga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana ne, tana bin jini ma, kuma galibi tsakanin shekara 2 zuwa 5 take farawa.

Aikin nan sai da shaƙuwa, yaron da bai saki jiki da mutum ba ai bakinsa ma ba zai buɗe ba balle a yi atisaye, shi ya sa za ki ga zaman farko wasa kawai suke da hira, ke kuma kina ganin an ci kuɗinki a banza, alhali ƙwararren sauraron yaron yake yana lura da inda maganar ke sarƙewa.

Sannan iyaye na cikin aikin dumu-dumu. Tsarin Lidcombe na Ostireliya, wato wata hanyar gyaran in'inar yara, uwa ko uba ne ke yi kullum a gida, ƙwararren yana koya musu duk sati. Don Allah a daina ce wa yaro "yi sauri ka faɗa", a bari ya ƙarasa da kansa.