Saba daban, sabis daban

Tun shari'ar zaɓen 2019, da aka yi ta ja-in-ja kan ko INEC na da saba, kalmar ta zauna a bakin mutane. Yanzu ko kira ya ƙi shiga sai ka ji ana cewa a rediyo "saba ce ta faɗi". Wannan sabis ne ya ɗauke. Tushensu ɗaya a Turanci, daga kalmar yin hidima, amma sabis shi ne hidimar, saba kuwa mai hidimar ce: kwamfutar da ke kwana a kunne tana jiran wata na'ura ta nemi abu ta miƙa mata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna ta kamar wata ƙatuwar na'ura da sai gwamnati ko banki. Saba sunan aiki ne. Tsohuwar laftof mai RAM giga 4 za ta iya. Ka sa mata Debian ko Ubuntu, wato tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta, ka ɗora Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli, ka jona ta da rauta, na'urar raba intanet a gida, ta kebul, shi ke nan hotuna da takardun wayarka sun riƙa sauka a ɗakinka maimakon rumbun Google. Inda wuta ba ta tsayawa, laftof ta fi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, don batirin laftof na riƙe ta. Pi 4 ba ta cin wuta, wat 3 zuwa 7 ne, amma idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a katin memori, katin na iya lalacewa. A sa mata faifan ajiya na SSD da ƙaramin batiri.

Sai dai kawo saba gida bai sa bayananka sun tsira ba. Gadin ne ya dawo wuyanka. Masu buɗe ƙofa ta 22 ko ta 443 a rauta, wato mashigai masu lamba da ake bi ta intanet, don su shiga sabar daga waje su sani akwai manhajojin da ke zagaye intanet dare da rana suna gwada kowace ƙofa da kalmomin sirri na zato. Gara a bar ƙofofin a rufe, a shiga ta Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, wadda aka gina a kan fasahar WireGuard. Ita ce ma mafita ga mai intanet na layin waya, domin kamfanonin sukan raba adireshin intanet (IP) ɗaya ga mutane da yawa, buɗe ƙofar ba zai yi aiki ba.

A kulle faifan da LUKS, tsarin ɓoye bayanai na Linux, in ba haka ba ɓarawon da ya ɗauki laftof ya ɗauki komai. Wahalarsa ita ce duk lokacin da ta mutu sai an buga kalmar sirri kafin ta tashi.

Kwafin bayanan kuma ya zama 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wani gidan. Duk wata a ɗauko fayil ɗaya daga can a gani ko yana buɗewa.