Za a iya samar da amoniya daga hasken rana da iska kawai?

Me ya sa ake neman sabuwar hanya?

Daga amoniya, wani sinadari da ake yi da naitirojin da haidirojin, ake yin yuriya da wasu nau'o'in takin zamani. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai atam biyun da ke cikinsa sun riƙe juna da ɗauri uku mai wuyar kwancewa. Tun 1913 da kamfanin BASF ya buɗe masana'antarsa a Oppau ta Jamus, da ƙarfin tsiya ake raba su: zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Wannan hanya ta masanan Jamus Haber da Bosch tana cinye kashi 1 zuwa 2 na makamashin duniya.

To ina rana ta shigo?

Akwai sinadaran da in haske ya doke su, ilektaron ɗinsu kan zabura ya bar mazauninsa. Irin waɗannan ilektaron shida ake buƙata kafin ƙwayar naitirojin guda ta zama amoniya biyu. A 1977 masana biyu, Schrauzer da Guth, suka ba da rahoton samun 'yar amoniya ta hanyar haska garin TiO2 (farin sinadarin titaniyam) mai ɗan ƙarfe a ciki.

Me ya sa sai an gauraya sinadarai?

Domin guda ɗaya ba ya iya aikin duka. TiO2 ɗan ɓangaren hasken da ido ba ya gani yake kamawa, kusan kashi 5 na hasken rana, kuma ilektaron da ya zabura nan take yake komawa gurbinsa. Shi ya sa ake raba aiki kamar 'yan gayya: wani ya kama haske, wani ya janye ilektaron kafin ya koma, wani ya riƙe naitirojin ya sassauta ɗaurinsa. Ƙarfe da molibdenam aka fi ba wannan aiki na ƙarshe, saboda su ne a cikin enzayim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ƙwayoyin bakteriya ke amfani da shi wajen mayar da naitirojin amoniya a saiwar wake da gyaɗa. A 2016 ma wasu masana a Amurka sun manna furotin ɗin enzayim ɗin a jikin CdS, wani sinadari mai kama haske, haske ya tuƙa shi.

Yaushe manomi zai gani a buhu?

Da sauran aiki ja. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, har amoniyar numfashin mai binciken ko ta safar hannunsa na iya ruɗa awo. Ni dai duk rahoton da bai yi gwaji da tsaftataccen naitirojin-15 (nau'in naitirojin mai ɗan ƙarin nauyi da ake iya bin sawunsa) ba, don a tabbatar daga iskar amoniyar ta fito, ba na saurin gaskata shi.