Yawon jeji da jakar goyo

Yawon jeji da jakar goyo tafiya ce ta ƙafa da ake yi kwana da kwanaki a cikin gandun daji, duwatsu ko hamada, matafiyi na goye da duk abin da zai rayu da shi: tanti, abin kwanciya, guzuri, ruwa, ƙaramin murhun gas, taswira da magunguna. Abin da ya bambanta shi da yawon buɗe ido na yini guda shi ne kwana a waje, nesa da titi da asibiti, galibi inda waya ba ta da sabis.

Asali da manyan hanyoyi

Ratsa daji da kaya a baya tsohon abu ne, amma yin sa don nishaɗi ya bunƙasa ne bayan gwamnatoci sun fara killace dazuzzuka. Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872, ta kafa hukumar kula da gandayen ƙasa a 1916, sannan a 1964 ta yi dokar da ta keɓe wasu yankuna inda aka haramta mota da injina, har keke. Mai son shiga sai a ƙafa, ko bisa dabba, ko cikin kwalekwale.

Hanyar Appalachian ta Amurka, wadda Benton MacKaye ya kawo shawararta a 1921 aka kammala ta a 1937, ta kai kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine. A 1955 Emma Gatewood ta taka ta daga farko har ƙarshe ita kaɗai, tana da shekara 67. Hanyar Pacific Crest ta fi ta tsawo, ta haura kilomita 4,200 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada. A Suwidin akwai Kungsleden, wadda ta kai kusan kilomita 440 a arewacin ƙasar. Yawancin masu wannan yawo dai ba sa wuce kwana biyu zuwa mako guda.

Nauyi

Duk lissafin tafiyar yana komawa kan nauyi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka ba mai iya goyon ruwan mako; ana tsara zango ne bisa inda rafi ko ƙorama take, a tace ruwan ko a tafasa shi, domin ruwa garai-garai ma yakan ɗauki ƙwayar giyardiya mai sa gudawa. Guzuri busasshe ake ɗauka. Jaka mai kyau tana da ɗamara a ƙugu wadda ke ɗauke yawancin nauyin daga kafaɗa, kuma sabon shiga da ya bar ɗamarar ba a ɗaure ba yakan gane kurensa tun kafin yamma.

Tufafin auduga ba su dace ba a wuri mai sanyi. Suna shan gumi su ƙi bushewa, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iska zafin jikinsa na iya faɗuwa ko da sanyin bai kai na ƙanƙara ba. Ulu ko yadin roba aka fi so.

Haɗura

Mutane sun fi tsoron namun daji, alhali faɗuwa, nutsewa a kogi, ɓata hanya da sauyin yanayi sun fi yin ɓarna. Daga tsayin mita 2,500 zuwa sama ciwon tudu na iya kama mutum, da ciwon kai da jiri da amai. Idan ya tsananta, maganinsa sauka. A gandun Yosemite na Amurka dole a kulle abinci cikin wani gwangwani mai tauri da beyar, wata babbar dabbar daji mai ƙarfi, ba ta iya buɗewa, saboda beyar da ta saba da abincin mutane takan zama barazana, ƙarshenta a harbe ta.

Izini da ƙa'idoji

Da yawan masu zuwa, sai dokoki suka ƙaru. Gandaye da dama na neman takardar izinin kwana, wasu har da ƙuri'a suke raba ta. A hanyar Milford ta ƙasar Niyu Zilan, mai kilomita 53 da rabi, mutum 40 kawai ake bari su fara tafiyar a kowace rana a lokacin cunkoso, ban da masu bin 'yan rakiya na kamfani. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa ba a hawansa sai da ja-gora mai lasisi. Suwidin ta bi wata hanya daban: kowa na da 'yancin ratsa daji ya kafa tanti na ɗan lokaci, muddin bai yi ɓarna ba, ko da yake gandayen ƙasa suna da nasu sharuɗɗan.

Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ita ce kada a bar alamar an zo. Shara a fito da ita, bayan gida a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a nesanta shi da ruwa da kimanin mita 60. Wuta ce ta fi tsanani. A gandun Torres del Paine na ƙasar Chile, gobarar da baƙi suka haddasa a 2005 da kuma ƙarshen 2011 ta cinye dubban hektoci, kuma a yau hura wuta a fili laifi ne a can; girki sai a wuraren da hukuma ta ware.