Gadon shuka mai tudu

Gadon shuka mai tudu wani yanki ne na ƙasa da ake ɗagawa sama da daɓen da ke kewaye da shi domin a shuka kayan miya da ganyaye a cikin gida ko a ƙaramin fili. Wani lokaci tulin ƙasa ne kawai da aka baje kansa, wani lokaci kuma a kan yi masa bango da bulo, ko katako, ko duwatsu, ko tsohon kwanon rufi. Ɗan uwan kunya ne, sai dai kunya siririya ce, ana tayar da ita duk shekara, shi kuwa gado yana da faɗi, yana zama wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma ba a taka kansa da ƙafa. Wannan rashin takawar shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Ƙasar da ba a danne ta ba takan zauna da laushi, iska da ruwa su ratsa ta, saiwa ta nutsa ba tare da wahala ba.

Asali da yaɗuwa

Ɗaga ƙasa don shuka tsohuwar dabara ce, kuma a wurare da dama yawan ruwa ne ya haifar da ita. Mutanen Aztek sun gina lambunan da ake kira chinampa a tabkunan kwarin Meziko, suna tara laka da ciyawar ruwa har ta fito saman ruwa, kuma ragowarsu na nan a Xochimilco, a kudancin birnin Meziko. A kewayen tabkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, an yi irin wannan da ake kira waru waru, inda ruwan magudanan da ke tsakanin tuddan yake rage wa shuka zafin sanyin dare.

A Turai lambunan gidajen ibada ne suka raya shi. Taswirar gidan ibadar Saint Gall da ke Suwizalan, wadda aka zana wajejen shekara ta 820, ta nuna lambun kayan miya mai gadaje 18, kowanne da sunan abin da za a shuka a kai, har da albasa da tafarnuwa da latas da kabeji. A ƙarni na 19 masu lambu a gefen birnin Paris sun shahara da shuka a matse kan ƙasar da suka ƙosar da kashin dawakan birni. Wannan salon ne wani masanin lambu ɗan Ingila, Alan Chadwick, ya kai jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a 1967, wani Ba'amurke mai suna John Jeavons kuma ya faɗaɗa shi da haƙa mai zurfin santimita 60. A 1981 wani marubuci Ba'amurke, Mel Bartholomew, ya yaɗa tsarin raba gado zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne ƙafa ɗaya. Ƙasar Kuba ta rungumi gadaje masu bango a cikin birane bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da takin zamani da man fetur suka yi ƙaranci. A Lesoto kuma an san wani zagayayyen gado na duwatsu, mai faɗin kamar mita biyu, da kwandon zuba dattin ɗakin girki a tsakiyarsa.

Tudu da fangali

Manomin rani a ƙasar Hausa ya fi sanin akasin wannan, wato fangali: ƙaramin fili da ake kewayewa da ɗan tudun ƙasa, a sako ruwa ya kwanta a ciki. Fangali riƙe ruwa yake yi, gado mai tudu kuwa zubar da shi yake yi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci inda kowannensu yake da amfani.

A watan Agusta, lokacin da ruwan sama yake kan ganiyarsa a Kano da Zariya da Maraɗi, tsakar gida mai ƙasar laka takan yi kwanaki a jiƙe. Saiwar tumatir da tattasai ba ta jure haka, domin ita ma iska take shaƙa. Idan ruwa ya cike ƙofofin ƙasa sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, shukar ta kwanta alhali ruwa na kewaye da ita. Tudun santimita 20 kawai yana iya tsame saiwar daga wannan. A watannin Maris da Afrilu kuwa lamarin juyawa yake. Gadon da ya ɗago sama rana na dukansa ta kai da ta gefe, iska na busar da shi, ƙasar cikinsa ta fi ta daɓe zafi. Littattafan ƙasashen sanyi suna lissafa wannan ɗumin cikin alfanun gadon, saboda yana ba su damar shuka da wuri bayan hunturu. A Sakkwato ko Damagaram aibi ne. A ƙasar jigawa da ba ta riƙe ruwa, tayar da dogon gado da rani ƙarin wahalar ban ruwa ce kawai.

Shi ya sa masu lambu da yawa suke haɗa biyun: su ɗaga gadon kaɗan, su bar bakin bangon ya fi ƙasar ciki tsawo da 'yan yatsu, ya zama tudu ne da damina, fangali ne da rani.

Akwai kuma inda babu zaɓi. Gidan da aka yi wa daɓen siminti, ko filin da ya cika da ɓaraguzan gini, ko marmara, ba shi da ƙasar da za a shuka. Haka ma wurin da ake zargin ƙasarsa da guba, kamar tsohon garejin gyaran batir ko gidan da aka taɓa dakan duwatsun zinare, irin abin da ya jawo gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010. A irin wannan wuri a kan shimfiɗa wani abu a ƙasa ya raba, a kawo sabuwar ƙasa daga waje.

Girma da kayan gini

Faɗin da aka fi amfani da shi mita 1.2 ne, saboda hannun babba yana kaiwa tsakiya daga kowane gefe. Idan gefe ɗaya kawai ake iya tsayawa, santimita 60 zuwa 75 ya isa. Tsawo ya danganta da fili. Tsayi kuwa santimita 15 zuwa 30 ya wadatar da yawancin ganyaye in akwai ƙasa a ƙarƙashi; a kan siminti ana buƙatar 30 ko fiye, musamman don karas da tumatir, tare da barin ƙofofin da ruwa zai fita ta ƙasa. Hanyar da ke tsakanin gadaje ta kai santimita 45 zuwa 60, ko fiye idan baro zai bi.

Katako shi ne abin da aka fi gani a hotunan Turai da Amurka, amma inda gara take da yawa ba ya daɗewa. Wanda aka jiƙa da maganin da ke ɗauke da sinadarin arsenik an daina sayar da shi don amfanin gida a Amurka tun ƙarshen 2003, kuma shafa wa katako baƙin mai, kamar yadda ake yi wa azara, bai dace da wurin abinci ba. Bulo ya fi ƙarko, ƙofofinsa ma ana iya cika su da ƙasa a dasa albasa ko na'ana'a. Kwanon rufi yana da araha amma yana ɗaukar zafi, bakinsa kuma na yanka.

Wurin da za a kafa gadon ya samu rana awa shida ko fiye, ya yi nesa da salga da kwata, kuma kada a jingina shi da katangar ƙasa. Damshin ban ruwa na kullum yana cin gindin katanga a hankali har ta zube.

Ƙasa da taki

Cika gado ya fi gina shi tsada, kuma nan ne sabon shiga yake mamaki. Gado mai faɗin mita 1.2, tsawon 2.4, tsayin santimita 30 yana cin lita 864 na ƙasa, wato baro goma da wani abu. A kan haɗa ƙasar gona mai kyau kamar kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan ƙasar laka ce a ƙara ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa don ta saki. Takin sai ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, ɗanyen kashin dabbobi gaba ɗaya kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar noma ba sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas. Takin juji na birni yana da ƙarfi, amma sai an tankaɗe kwalba da leda da tsofaffin batura. Toka kaɗan ake barbaɗawa.

Ƙasar takan sauka bayan wata ɗaya ko biyu. Ba a sake haƙe ta, ƙarin taki ake zubawa a kai duk lokacin sabuwar shuka.

Shuka da ban ruwa

Tunda babu layin da ake bari don wucewa, ana matse shuka ta yadda ganye zai haɗu ya yi wa ƙasa inuwa. Albasa tazarar santimita 10, latas 25 zuwa 30, tumatir 45 zuwa 60 tare da sandar jingina. Alayyafo da lansir da karas yafa irinsu ake yi kai tsaye, a gauraya da rairayi don kada su taru wuri ɗaya, daga baya a rage. Tumatir da tattasai da attaruhu da kabeji sai an rene su sannan a yi dashe da yamma. Alayyafo ya fi kowa saurin biya, sati uku zuwa huɗu an fara tsinka.

Lokaci ma yana da hukunci. Latas da karas da kabeji sanyin hunturu suke so, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi ya shigo latas sai ya yi tsiri ya yi ɗaci, furen tumatir kuma ya riƙa zubewa idan zafi ya haura digiri 35. Kuɓewa da yakuwa da rama da lalo su ne na zafi da damina. Kabewa da kankana kuwa yaɗonsu yana cinye gado guda.

Da bazara gado irin wanda aka auna a sama yana iya shan kusan jarka guda mai lita 20 a rana. Rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu yana rage wannan sosai, duk da cewa yana iya jawo gara. Ruwan alwala da na wanke shinkafa suna da amfani, na wanki mai omo da bilic kuwa yana tara gishiri a ƙasa.

Kwari da cututtuka

Ƙasar da ke zaune wuri ɗaya tana tara cutar abin da aka saba shuka mata. Mafi naci ita ce wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulle-ƙulle, shuka ta tsumbure. Maganinta sauya shuka. Tumatir da tattasai da attaruhu da yalo da gauta dangi ɗaya ne, don haka maye gurbin ɗaya da ɗaya ba sauyi ba ne. Albasa ko masara ake sakawa a tsakani. Mai gado uku ko huɗu ya fi samun sauƙin wannan juyin.

Tsutsar da ke haƙa cikin ganyen tumatir, wadda ta yi ɓarna a gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016, tana shiga lambun gida ma. A ƙaramin gado ana iya cire ganyen da ta kama da hannu a ƙone, a fesa ruwan jiƙon 'ya'yan darbejiya. A cikin gida dai kaji da awaki da ƙadangaru sun fi kwari saurin ɓarna, musamman a satin farko bayan dashe. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura kan sanduna huɗu yana tare kaji da ƙadangaru, yana kuma rage zafin rana. Akuya kuwa sai shinge ko turke.