Harajin Apple a Ayalan: ba tara ba ce, ba kuma kuɗin rabo ba ne

Tun da Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci ranar 10 ga Satumba 2024 cewa kamfanin Apple ya biya ƙasar Ayalan (Ireland) kusan Yuro biliyan 14, ake ta yaɗa cewa an ci kamfanin tara, kuma gwamnati za ta raba kuɗin ko ta gina wa kowa gida. Duka biyun ba haka ba ne.

Kuɗin bashin haraji ne. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta gano cewa Ayalan ta yi wa Apple rangwamen da ba ta yi wa sauran kamfanoni ba, daga 2003 zuwa 2014, har harajin da ya biya a 2014 ya sauka zuwa kashi 0.005 cikin ɗari, alhali doka ta ce kashi 12.5. Biliyan 13 ne asalin bashin, sauran kuɗin ruwa ne. Ita kanta gwamnatin ta yi shekaru a kotu tana cewa ba ta bin kamfanin komai.

Gwamnati ta ware kuɗin ga fannoni huɗu: gidaje, ruwa, wutar lantarki da sufuri. Ba za a biya albashi ko a rage haraji da su ba, domin sau ɗaya za su shigo, albashi kuwa kowane wata ne. Masu ƙorafin cewa bututu da wayoyin wuta sun cinye rabon gidaje su sani cewa fili ba ya zama unguwa sai an kai masa ruwa, magudanar ƙazanta da wuta. A wurare da dama abin da ya tsayar da gini ke nan. Kuma zuba biliyoyi lokaci guda alhali magina ba su ƙaru ba, tsadar gini kawai zai jawo.

Inda aka fi rikicewa shi ne dokar 2024 da ta kafa asusu biyu na ajiyar rarar harajin kamfanoni. Wasu na cewa an kulle kuɗin Apple har 2041. Kullewa har 2041 ta shafi asusu na farko ne kaɗai, Asusun Makomar Ayalan, wanda ake zuba wa kashi 0.8 cikin ɗari na ma'aunin tattalin arzikin ƙasa duk shekara zuwa 2035, don kuɗin fansho da kula da tsofaffi nan gaba. Na biyu, na ababen more rayuwa, yanayi da muhalli, yana karɓar biliyan 2 a shekara har ya kai biliyan 14 a 2030. Wannan adadin ya yi daidai da na Apple, shi ya sa ake haɗa su, amma kuɗin daban ne. Daga na biyun ana iya cire har kashi 25 a shekarar da tattalin arziki ya taɓarɓare, don kada ayyukan gini su tsaya kamar yadda suka tsaya bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008.

Hikimar ajiyar a fili take, tunda kamfanoni goma ne ke biyan fiye da rabin harajin kamfanonin ƙasar, ko ɗaya ya tashi an ji a jika. Sai dai matashin da haya ke cinye albashinsa a Dublin, babban birnin ƙasar, yana da hujja idan ya ce an fi tanadar wa gobe fiye da yau. A ganina, rabon hukumar da ke gina gidaje masu sauƙin haya a filayen gwamnati ya kamata ya fi haka yawa.