Don Allah A Daina Zuba Bilic A Rijiyar Da Ruwan Majema Ya Shiga

Jama'a, na gaji da maimaita magana ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Mu da muke aiki a unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antun jima a Kano, wato wajejen Challawa da Sharaɗa da Bompai, kusan kullum sai an kawo mana yaro da ƙaiƙayi a hannu da ƙafa, ko magidanci da gyambo a yatsa ya ƙi warkewa, ko uwa da ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ba kowane ƙaiƙayi ne daga ruwa ba, amma dole in tambaya. Ina kuke ɗibar ruwa? Rijiyar gida. Kwatar kamfani ta bi ta kusa? Ta bi. To me kuka yi? "Ai mun zuba bilic." Wannan amsar ce take ƙona min rai.

'Yan uwana, sinadarin da kamfanoni suke jeme fata da shi, wanda ma'aikata ke kira kurom, ƙarfe ne, ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe. Iri biyu ne. Mai lamba uku shi ake jima da shi, kuma in ya shiga ƙasa yawanci kwanciya yake yi a cikin laka. Mai lamba shida shi ne mugun: yana narkewa, yana bin ruwa duk inda ya nufa, yana cin fata, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a sahun farko na masu jawo sankara. Abin da ba ku sani ba shi ne bilic da kulorin da iskar ozon, wato abubuwan da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, suna iya juya mai lamba uku ya koma mai lamba shida. Maciji ne kwance a rami, kai kuma ka ɗauko sanda ka tsokano shi.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka akan tura ozon cikin ƙasa don ya lalata fetur da sinadaran da suka gurɓata ruwa, sai injiniyoyi suka riƙa ganin kurom mai lamba shida ya ƙaru a rijiyoyin gwajinsu. Sau da yawa yakan sauka daga baya, amma su suna aunawa kafin aiki da bayansa, kuma ba a shan ruwan a lokacin. Kai fa? Ka tuttula rabin kwalba da dare, da asuba an dama wa yara koko da shi. Haba Alhaji! Haba Hajiya!

Sai a ce min ai ruwan ya yi garau, ba ya wari. Garau ɗin banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kurom a ruwan sha miligiram 0.05 a lita ɗaya, kuma ruwa zai iya wuce wannan ido bai ga komai ba. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, ruwan ne zai ƙone ƙarfen ya tsaya a tukunya.

Ku kuma masu ruwan leda da kuka haƙa burtsatse a waɗannan unguwanni kuna taƙama da injin ozon, ku ji tsoron Allah. Injin yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire ƙarfe. Ku kai ruwanku a auna.

Kada a fahimce ni a baibai. Rijiyar da ba ta kusa da majema, a lokacin amai da gudawa, a ci gaba da sa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, yana ceton rai. Na kuma san jarkar mai ruwa ta yi tsada, na san ba don ganganci kuke yi ba, so kuke ku kare iyalinku. Amma rijiyar da kwatar jima ta ratsa, bilic ba maganinta ba ne. A daina.

A gurguje:

- A daina sha da girki da ruwan rijiyar har sai an gwada shi.
- A haɗa kuɗi a unguwa, mai unguwa ya jagoranta, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a ce musu kurom ake so a duba.
- Kada a ƙona yankakken fatar kamfani, tokarta na ɗauke da mai lamba shida.
- Kada a kwashi lakar kwata a kai gona da sunan taki.
- A hana yara wasa a kwata.
- Gyambon da ya ƙi warkewa a kawo asibiti, a kuma faɗi inda ake ɗibar ruwa.